Narambaɗa, Ɗanƙwairo ko Gambu: Wa Za a Kunna a Shago?

Ɗan wana ya buɗe shagon ɗinki a Gusau, kekuna uku da yara biyu masu koyo. Da ya ɗan samu sai ya sayi sifika mai caji ya rataye ta a ƙusa, saman teburin yanka. Wata Asabar na biya karɓar kaftanina, ya rage sauti ya ce da ni, "Baba, shawara nika so. Dattawa na shigowa awo, in sunka iske nanaye na tashi sai in ga huska ta canza. Ina son in zuba waƙoƙin mutanen da ga memori, amma ban san wa za ni farawa da shi ba."

Ban ko numfasa ba na ce Narambaɗa. Duk wanda ka tambaya a ƙasar nan, in dai yana son a ce ya san waƙa, sunan da zai fara fitowa bakinsa ke nan. Sai da na koma gida na duba wayata na ga ban yi wa yaron adalci ba. Narambaɗa na ciki, amma na fi wata uku ban taɓa shi ba. Wanda nake kunnawa in na tabbata ba kowa kusa, Gambu ne mai waƙar ɓarayi.

Asirina ya taɓa tonuwa, kuma a gaban wanda na fi jin nauyi. Za mu ɗaurin aure Talata Mafara, na ɗauko surukina a gaban mota. Mun wuce Bungudu ke nan sai wayar ta haɗu da rediyon motar da kanta, ta ɗora daga inda na tsaya daren jiya. Kalangu ya cika mota, ga Gambu yana zuga wani gwanin haura katanga. Ina laluben madanni hannu na rawa, gumi ya keto mini duk da sanyin safiya. Dattijon nan yana jan carbinsa, ko kallona bai yi ba. Ya ce, "Bar shi, Malam. Ai bai kai wurin da yaf fi daɗi ba." Ba wanda ya ƙara cewa uffan har muka shiga Maru.

Saboda haka ga amsar da ta kamata in ba yaron tun farko, shi da duk mai shago ko mai mota da ke son komawa ga tsofaffin makaɗa. Na bar Shata a gefe da gangan. Gardamar Shata ba ta ƙarewa a majalisa, kuma kowa ya riga ya san shi. A kan mutanenmu na Zamfara da Kabi nake magana.

Ibrahim Narambaɗa mutumin Tubali ne ta ƙasar Shinkafi, amma a fadar Isa ya yi suna, wurin ubangidansa Sarkin Gobir Amadu. Da aka yanke Zamfara daga Sakkwato a 1996 sai Tubali ta faɗo nan, Isa ta tsaya can, shi ya sa har gobe kowace jiha ke cewa nata ne. Kotso yake kaɗawa, gangar fada mai fuska ɗaya wadda ake bugu da hannu. Ya yi wa waɗansu hakimai da alƙalai waƙa, amma gidansa ɗaya ne, kuma duk waƙarsa wannan gidan take kewayawa. Har dokin fada sai da ya samu tasa.

Abin da ya ɗaga shi sama da tsara magana ce. Narambaɗa ba ya gaggawa. Zai kafa gindin waƙa, ya bar 'yan amshi su riƙe masa, sannan ya riƙa ɗora ɗiya ɗaya bayan ɗaya, kowane ɗa da abin da ya ƙunsa. Yabon sarki yake yi, amma a cikin yabon sai ka ji yana maganar sa'a, da zamani, da yadda mai ƙarfi ke wayar gari ba shi da shi. Akwai maganganun da dattawanmu ke jefawa cikin hira muna ɗauka karin magana ne tun na kaka da kakanni, ashe daga bakinsa suka fito. Ga kuma habaici. Ɗan sarki mai jiran gado, ko bafaden da ya cika kai da kawo, ba zai kira sunansa ba. Zai ba shi siffar wata dabba, ko ya kwatanta naɗin rawaninsa, fada duka ta san da wa ake, wanda ake yi da shi kuwa ba shi da bakin kai ƙara. Waƙarsa Bakandamiya ta shahara ƙwarai, kuma sunan kalma ce sananniya a Hausa: yau marubuci ko mawaƙi in ya yi aikin da ya fi sauran ayyukansa, sai a ce wannan ce bakandamiyarsa. Farfesa Aliyu Muhammad Bunza, mutumin Kebbi, littafi guda ya rubuta a kansa.

To amma shago fa? Nan gizo ke saƙa. Narambaɗa ya rasu tun kafin kaset ya zama ruwan dare, abin da ya rage mana tsofaffin ɗauka ne da aka kwafa aka sake kwafa har muryar ta dushe, ga shuuu a bayanta kamar ana ruwa a kan kwano. Ka haɗa wannan da ƙarar keke uku da janareton maƙwabci, ba abin da zai iso kunnenka sai dum-dum ɗin kotso. Hausarsa kuma Gobirci ce tsantsa ta mutanen da. Ni da aka haifa a ƙasar nan, akwai kalmomin da sai na tambayi tsofaffi. Yaron da ya tashi da fina-finan Kano zai saurari waƙa biyu ya ce duk iri ɗaya ne, ya koma inda ya fito, kuma da wuya ka sake jawo shi. Na ga an yi haka. Wanda ya fara da Narambaɗa don a ce ya fara da babba, sau da yawa daga nan yake sallama da kiɗan fada gaba ɗaya.

Alhaji Musa Ɗanƙwairo shi ma kotso ne, shi ma ɗan ƙasar nan ne, haihuwar ƙasar Bakura, zaman Maradun. Gadon kiɗa ya yi: mahaifinsa makaɗi ne, wansa Kurna makaɗi ne. Amma da ka kunna shi za ka ji bambanci kafin ya gama ɗa na farko, kuma bambancin a amshi yake. Shi muryarsa siririya ce mai zaƙi. Yana jefa magana sai yaransa su cafe ta tun ba ta faɗi ƙasa ba, waɗansu su ɗauka sama, waɗansu su tare ta ƙasa, su ƙarasa masa abin da ya faro, wani lokaci har su ƙara nasu. Ba na jin an yi makaɗin fadar da amshinsa ya kai wannan haɗuwa. Ko ba ka fahimci kalma ɗaya ba, kanka zai kaɗa. Wannan shi ne abin da ke ratsa ƙarar keke.

Ya kuma yi tsawon rai, sai 1991 ya rasu, don haka ya riski na'urar ɗauka mai kyau, har hotonsa mai motsi akwai. Mutanen da ya yi wa waƙa kuwa yaro ya san su ko ya ji labarinsu: Sardauna Ahmadu Bello, Sarkin Daura Muhammadu Bashar, Sarkin Kano Ado Bayero, Sarkin Zazzau Aminu, 'Yandoton Tsafe. Dattijon da ya shigo awon babbar riga, ko daga wace nahiya ya fito, da wuya bai da wata waƙar Ɗanƙwairo da ta haɗa shi da ƙuruciyarsa.

Masu ra'ayin Narambaɗa suna da abin da suke jifansa da shi, kuma ba ƙarya suke yi ba. Suna cewa ya yi wa kowa, sarki da ɗan kasuwa da mai muƙamin gwamnati. Suna cewa roƙo ya yi yawa a bakinsa, kuma in ka jera waƙoƙinsa da yawa za ka ji kirarin da aka yi wa wannan sarki an ɗan juya shi an yafa wa wancan. Duk na yarda. Abin da ba su faɗa shi ne zamanin mutanen biyu ba ɗaya ba ne. Narambaɗa ya rayu lokacin En'e, sa'ad da uban ƙasa ke da haraji a hannu, yana iya ɗauke wa makaɗinsa ci da sha da sutura da doki shekara da shekaru. Ɗanƙwairo ya ga an kashe Sardauna a Janairun 1966, ya ga soja sun karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun sarakuna, ya ga gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙarasa abin da ya rage. Fadar da aka yi wa wannan aski ba ta iya riƙe makaɗi da tawagarsa ita kaɗai. Dole ya shiga mota ya bi inda alheri yake. In za a auna zurfin magana, ni ma Narambaɗa zan ba. In kuwa daɗin sauraro ne da yawan abin da za ka zaɓa a ciki, ba na jin akwai gardama.

Yanzu ga na ɓoyen. Muhammadu Gambu mutumin Fagada ne a ƙasar Kebbi, can wajen Jega da Maiyama. Kalangu ne kiɗansa, kuma abin da yake yi ya fi kama da ba da labari a kan kiɗa fiye da rera waƙa. Zai ɗauko ɓarawo guda ya bi da kai ta hanyar da ya bi: yadda ya karanci gida da rana, yadda ya yi da kare, abin da mai gida ke yi a lokacin, yadda gari ya waye ana salati. Yana yi yana sa baki a madadin kowa, ɓarawon da mai kayan da maƙwabcin da ya fito da fitila bayan an gama. Ga zambo ga mai rowa wanda ya tara bai ci ba bai ba kowa ba. Dariya za ka yi ko ba ka so, sannan ka waiwaya ka ga ko wani ya gan ka.

Na daɗe ina tambayar kaina me ke jawo ni gare shi, tunda ban taɓa ɗaukar allurar wani ba. Abin da na gano shi ne Gambu ma'aunin fada ya ɗauko ya zuba ɓarawo a ciki. Duk kayan aikin da makaɗin sarki ke amfani da su yana da su: a kira asalin gwani, a yi masa kirari, a zuga shi ya fi magabatansa, a yi wa abokin hamayyarsa habaici, a ambaci kyautar da ya yi. Sai dai nan gwanin ɓarawo ne, abokin hamayyar kuma mai tsaron kayansa ne. Rabin daɗin yana cikin wannan kifar da ƙwarya da ya yi. Wanda kunnensa bai ƙoshi da kiɗan fada ba, wannan rabin zai wuce shi, abin da zai rage masa yabon sata kawai. Shi ya sa surukina ke iya jinsa yana jan carbi, ya san da abin da ake wasa. Ɗan shekara goma sha huɗu mai koyon kafa maɓalli bai sani ba.

Masu kare shi a majalisa suna da hujjoji biyu. Ta farko wai tona asirin ɓarayi yake yi, mai saurarensa ya san yadda zai tsare gidansa. Wannan ban ɗauke ta da nauyi ba, don ban taɓa ganin wanda ya ƙara wa katangarsa tsawo saboda waƙa ba. Ta biyu ta fi ƙarfi: wai mai satar akuya da mai satar kuɗin jama'a da biro duk ɓarayi ne, ɗaya ana yi masa ihu, ɗaya ana yi masa kiɗa a fili da rana, to don me za a ga baƙin wanda ya yi wa na farko kiɗa? Wannan kam tana da ƙaya, kuma ban taɓa jin wanda ya cire ta sarai ba.

Amma akwai abin da ya canza mini jinsa. A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a Zamfara, aka rufe kasuwannin mako, duk don a matsa wa 'yan bindiga. Ba kira, ba intanet, kowa ya koma ga abin da ke cikin memorinsa. Wani dare ina kwance a tsakar gida na sa Gambu a kunne, ina cikin murmushi sai na tuna dalilin da ya sa wayar tawa ta zama rediyo. Murmushin ya tsaya. Ɓarawon Gambu mai tsoron haushin kare ne da fitowar alfijir, in an yi ihu ya zubar da kaya ya ranta a na kare. Waɗanda suka hana mutanen Zurmi da Shinkafi da Maradun da Tsafe noma ba su san wannan tsoron ba. Na san ba abu ɗaya ba ne. Amma je ka faɗa wa matar da ta sayar da gona ta fanso ɗanta, ta shigo shagonka da yadin ɗinkin marayu, ta tarar ana zuga mai ɗaukar kayan mutane. Ba za ta tsaya bambance maka ɓarawon da da na yanzu ba, kuma ba ta da laifi. A Gusau ta yau ba ka san wanda zai ɗaga labulen shagonka da abin da ya baro a ƙauye ba. Waƙoƙin da ake yi wa 'yan bindigar yanzu, masu yawo a wayoyi, waɗannan ko a kunne ba na sa su, in an turo mini gogewa nake yi. Shi kansa Gambu kafin rasuwarsa ya fito ya ce ya bar waƙar ɓarayi ya tuba. Ban daina jinsa ba, ƙarya ba ta da amfani, amma ya koma abin da nake ji ni kaɗai, kuma ba kullum ba.

In zafin kalangu kake so don daren aiki, lokacin da ɗinkin biki ya taru ido na rufewa, nemi Ɗan Anace, musamman waƙoƙinsa na dambe da ya yi wa ɗan damben nan Shago. Zuga ce da za ta tashe ka tsaye ba tare da ka ji kunyar kowa ba. Kassu Zurmi ma gwani ne a kiɗan tauri, amma bakinsa ba shi da linzami, ba na gaban yara da mata ba ne. Sa'idu Faru, makaɗin Muhammadu Maccido tun yana Sarkin Kudu a Mafara, shi ne gadar da zan bi in zan ƙetara daga Ɗanƙwairo zuwa Narambaɗa, don yana da zurfin magana kuma ɗaukarsa ta fi fita. Mutanen Kebbi za su ce ina Sani Aliyu Ɗandawo na Yawuri. Waƙoƙinsa na nan, a sa shi, yana tafiya da shago ƙwarai.

Ga abin da na koma na gaya wa ɗan wana. Na ce da rana, ƙofa buɗe, Ɗanƙwairo. Ka ba shi wata biyu ko uku har kunnenka ya saba da kotso, ka fara rarrabe yabo da zuga da habaici ba sai an nuna maka ba. Sannan ka ɗauko Narambaɗa, amma ba lokacin da keke ke gudu ba. Bari sai dare, ka kashe janareto, kana aikin hannu a wuyan riga, ka sa waƙa ɗaya tak ka maimaita ta sau uku. Kalmar da ta shige maka duhu ka riƙe ta, gobe ka tambayi dattijon farko da ya shigo awo, za ka ga yadda zai gyara zama. Gambu kuwa kada ya hau sifikar shago ko sau ɗaya. In ka kai lokacinsa, ga abin sawa a kunne nan. Da azumi, wanda shi ne ganiyar aikin tela, duk wannan lissafi ajiye shi za ka yi, ka sa tafsiri kamar kowa. In an kira salla a kashe. In malami ya shigo ka ga alamar ba ya son kiɗa kowane iri, rage masa, awo minti biyar ne.

Na kuma gargaɗe shi a kan masu tura waƙa na bakin kasuwa. Da yawansu yara ne, duk abin da suka ji da kotso sai su rubuta masa Narambaɗa ko Ɗanƙwairo. Na taɓa karɓo memori an rubuta Narambaɗa a kan waƙoƙi kusan ashirin, da na zauna na saurara fiye da rabi na Sa'idu Faru ne, ɗaya ma wa'azi ne. Ka sa a kunna maka kowace kafin ka biya, ka kuma saurari sunan wanda ake yabo. In ka ji Isa da Gobir da Amadu, kana gidan Narambaɗa. In ka ji ana yawo daga Daura zuwa Zariya zuwa Kano, Ɗanƙwairo ne.

Bayan sati uku na koma shagon. Na tarar da wani tsoho zaune a benci, an gama masa awo tuni, sandarsa a tsakanin ƙafafu, ya ce ba ya tashi sai waƙar 'Yandoto ta ƙare. Yaron ya kashe mini ido.

Da na isa gida kuma na iske ƙaramin ƙanen matata yana jirana a zaure da wata tsohuwar waya mai madannai, an ɗaure bayanta da roba. Na ce lafiya? Ya ce, "Baba ne yac ce in kawo maka. Wai ka sa mai wancan na hanyar Mafara, kuma kak ka bari Inna ta ji."